Bauca da cata: me 'yan takarar shugabancin Amurka suke tallata wa iyayen yara?

Tambaya: Malam, ina zaune a Columbus ta jihar Ohio da 'ya'ya uku, kuma ban daɗe da zama 'yar ƙasa ba, ban taɓa jefa ƙuri'a a nan ba. A masallaci ana cewa 'yan Rifablikan ne masu son iyaye, domin su ne ke ba da bauca a kai yara makarantar Musulunci. Maƙwabciyata malamar makaranta kuma ta ce bauca da cata duk dabarar kashe makarantar gwamnati ce. Mene ne matsayin 'yan takarar shugaban ƙasa a kan wannan, kuma wa ya fi gaskiya?

Amsa: Hajiya, barka da arziki, Allah ya sa takardar zama 'yar ƙasa ta zama sanadin alheri gare ki da yaran. Mutanen masallacinku da maƙwabciyarki kowa ya kamo wani gefe na gaskiya, sai dai dukansu sun zuba abu biyu a ƙwarya ɗaya. 'Yan siyasa ma haka suka fi so, shi ya sa suka laƙaba wa abin suna guda, wai "zaɓin makaranta", sunan da ba wanda zai ji ya ce ba ya so. Na koyar da lissafi shekara 14 a makarantar gunduma a nan Ohio, daga baya na yi shekara huɗu a kwamitin amintattun wata makarantar cata. Bari in fara raba miki su, in ba haka ba maganar 'yan takarar ba za ta fito ba.

Bauca ita ce dai baucar da muka sani a ofis, takardar fitar da kuɗi. Jiha takan ware wani kaso daga abin da za ta kashe wa yaro, ta ce iyaye su kai shi makarantar kuɗin da suka ga dama, ta coci ce, ta Musulunci ce, ko wadda ba ruwanta da addini. Makarantar tana nan a hannun masu ita. Su ke koyar da addininsu, su ke sa kuɗin makaranta, kuma a jihohi da yawa suna iya cewa ba za su ɗauki yaro ba. Sabon salon da ake yayi yanzu shi ne a zuba kuɗin a wani asusu da sunan yaron, iyaye su riƙa cira suna biyan makaranta ko malamin lesin ko kayan karatun gida.

Cata kuwa kalma ɗaya ce da shatar da muke ɗauka a tasha. Mota ta direba ce, amma wanda ya ɗauki shata shi ke cewa ga inda za a je. Hukuma takan yi yarjejeniya da wata ƙungiya, yawanci ta shekara biyar: ga kuɗin gwamnati, ku gudanar da makaranta yadda kuka ga ya dace, in sakamako bai yi kyau ba mu karɓe takardarmu. A doka makarantar gwamnati ce. Ba a biyan ko sisi, ba a koyar da addini, kuma in masu nema sun fi kujeru yawa, ƙuri'a ake zarowa. Abin da ya raba ta da makarantar gunduma shi ne ba hukumar ilimi da jama'a suka zaɓa ke tafiyar da ita ba, kuma mafi yawan malamanta ba sa cikin ƙungiyar ƙwadago. Ki riƙe wannan na ƙarshen, don shi ne rabin rigimar. Minnesota ce ta fara yin dokar cata a 1991, a 2021 kuma yara kusan miliyan 3.7 ne ke karatu a irinsu, wato kimanin bakwai cikin kowane ɗari na ɗaliban gwamnati.

Abu na biyu da ya kamata ki sani kafin ki saurari kowane ɗan takara: shugaban Amurka ba shi da makaranta. Wanda ya zo daga Najeriya, inda ake zuba wa Abuja ido a kan komai, yakan daɗe bai yarda da wannan ba. Cikin kowace dala goma da ake kashewa a firamare da sakandare, wadda ke zuwa daga gwamnatin tarayya kusan ɗaya ce kawai. Sauran daga jiha suke fitowa da kuma harajin gidaje na unguwa. Saboda haka unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta kan fi ƙiba, kuma adireshinki shi ke yanke inda ɗanki zai yi karatu. A 2011 a Akron, nan kusa da mu, an ɗaure wata uwa baƙar fata na 'yan kwanaki saboda ta rubuta adireshin mahaifinta don 'ya'yanta mata biyu su shiga makarantar wata gunduma mai kyau. Mai kuɗi in makarantar unguwa ba ta yi masa ba, sai ya sayi gida a wata unguwa, ba wanda ke kiran wannan laifi. Daga wannan ciwon duk maganar bauca da cata ta samo ƙarfinta, kuma duk wanda ya ce miki ciwon ƙarya ne bai taɓa zama a layin neman makaranta ba.

Ita baucar tana da asali biyu, shi ya sa har yau baƙaƙen fatar Amurka suka rabu a kanta. A 1955 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya kawo shawarar gwamnati ta riƙa biyan kuɗin karatu amma ta bar makarantu su yi gasa kamar 'yan kasuwa. Shekara guda kafin nan, a 1954, Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe, sai jihohin Kudu suka ga bauca ta zo musu a daidai. Gundumar Prince Edward ta jihar Virginia ta rufe makarantun gwamnati ƙaf daga 1959 zuwa 1964, ana ba 'ya'yan farare tallafi suna zuwa makarantar kuɗi ta farare zalla, 'ya'yan baƙaƙe da yawa kuma suka zauna a gida. Tsofaffin da suka ga wannan, in suka ji kalmar bauca, abin da ke faɗo musu ke nan. Amma kuma shirin bauca na farko na wannan zamani, wanda aka fara a Milwaukee a 1990, wata baƙar fata ce 'yar Dimokurat, Polly Williams, ta jagorance shi a majalisar jihar Wisconsin, ta haɗa kai da gwamnan Rifablikan Tommy Thompson, saboda ta gaji da ganin 'ya'yan unguwarta suna gama makaranta ba su iya karatu ba. Na talakawa kaɗai ta nema, kuma kafin rasuwarta ta nuna rashin jin daɗin yadda aka faɗaɗa shi zuwa ga masu hali.

To, 'yan takara. 'Yan Rifablikan ba su cika sauya magana ba tun zamanin Reagan, wanda ya nemi a rage wa iyaye haraji saboda kuɗin makarantar da suke biya, majalisa ta ƙi, ya kuma yi alkawarin rufe Ma'aikatar Ilimi ta tarayya da Carter ya kafa a 1979, bai rufe ba. Bush babba ya kawo shawarar tallafin dala 1,000 ga 'ya'yan talakawa da masu matsakaicin ƙarfi a 1992. Bob Dole a 1996 ya tallata bauca, ya kuma caccaki ƙungiyoyin malamai a jawabinsa na karɓar takara. Bush ƙarami a 2000 ya ce makarantar talakawa da ta yi shekara uku tana faɗuwa za a karɓe kuɗinta na tarayya a ba iyaye dala 1,500 su nemi wata. Da ya hau mulki ya zauna ciniki da Sanata Ted Kennedy a kan babbar dokarsa ta ilimi, bauca ce abu na farko da ya sauke daga kaya. A garin Hamilton na nan Ohio ya sa wa dokar hannu a Janairun 2002, babu bauca a ciki. Abin da ya samu daga baya shi ne ƙaramin shiri na birnin Washinton a 2004, mai ba da har dala 7,500, kuma ya yiwu ne kawai saboda majalisar tarayya ce ke da iko da babban birnin. McCain a 2008 da Romney a 2012 duk wannan waƙar suka rera.

Labarin da ya fi ban sha'awa na 'yan Dimokurat ne, domin su ne suka yi ta juyi. Shekara fiye da ashirin matsayinsu a bayyane yake: cata eh, bauca a'a. Bill Clinton ne ya kafa asusun tarayya na tallafa wa sababbin makarantun cata a 1994, ya ce yana son ganin guda 3,000, amma da majalisa ta kawo masa dokar baucar Washinton a 1998 sai ya hau kujerar na ƙi. Al Gore ya yi alkawarin ninka cata sau uku, ya kuma ƙi bauca. Obama ya fi su duka zafi. A 2009 shi da ministansa na ilimi Arne Duncan suka ajiye dala biliyan 4.35 suka ce jihohi su yi gasa, kuma jihar da ta ƙayyade yawan makarantun cata za ta rasa maki. Jihohi kuwa suna cikin talaucin faɗuwar tattalin arziki, sai ga su suna rige-rigen gyara dokokinsu. A lokaci guda gwamnatinsa ta hana ɗaukar sababbin yara a shirin baucar Washinton, har sai da shugaban majalisar wakilai John Boehner, ɗan Rifablikan kuma ɗan Ohio, ya farfaɗo da shi a 2011. 'Yan adawa ba su gaji da tuna wa jama'a cewa 'ya'yan Obama, kamar 'yar Clinton, makarantar kuɗi ta Sidwell Friends suke zuwa ba. Gorin yana da zafi, kuma ni ban taɓa jin amsarsa mai gamsarwa ba.

A 2016 ruwa ya canza. Hillary Clinton, wadda ta daɗe tana goyon bayan cata, ta ce a ƙarshen 2015 yawancinsu ba sa ɗaukar yaran da suka fi wuyar koyarwa, in ma sun ɗauka ba sa riƙe su. Duk da haka, da ta ɗan yaba musu a taron ƙungiyar malamai ta NEA a watan Yulin 2016, ihu aka yi mata. A shekarar ce ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP ta nemi a dakatar da buɗe sababbin cata. Shi kuwa Trump a wata makarantar cata a Cleveland ya tsaya a watan Satumba ya yi alkawarin dala biliyan 20 don zaɓin makaranta. Kuɗin bai taɓa fitowa ba. Abin da ya fito shi ne ministar ilimin da ya naɗa, Betsy DeVos, attajirar Michigan da ta shafe shekaru tana zuba dukiyarta a yaƙin bauca. Da ƙyar ta tsallake majalisar dattawa a Fabrairun 2017, 50 da 50, sai da mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ya raba gardama, abin da ba a taɓa yi wa wani minista ba. A ganina DeVos ta yi wa cata illa fiye da maƙiyanta: tun da fuskarta ta hau kan abin, ɗan Dimokurat da ke son cata ya koma yana faɗa a ƙasa-ƙasa.

An ga haka a neman takarar 2020. Bernie Sanders ya nemi a haramta cata ta kamfanoni masu neman riba, a kuma dakatar da kuɗin tarayya ga sababbi. Elizabeth Warren ta ce za ta rufe asusun nan da Clinton ya buɗe, sai ga iyaye, mafi yawansu baƙaƙe, sun katse mata jawabi a Atlanta a Nuwamban 2019 suna cewa 'ya'yansu ne a waɗannan makarantu. Cory Booker, wanda ya cika Newark da cata lokacin yana magajin gari, ya yi ta kame-kame kafin ya fito ya kare su. Biden, wanda matarsa malama ce kuma 'yar NEA, ya tsaya a tsakiya: bauca a'a, cata ta neman riba a'a, sauran kuma a tsaurara musu sharuɗɗa. Haka ya yi a 2022, amma bai taɓa dala miliyan 440 da asusun ke samu a shekara ba.

A 2024 Trump ya wuce maganar talakawa, ya ce zaɓi ga kowa da kowa, ya kuma maimaita alkawarin Reagan na rufe Ma'aikatar Ilimi. Kamala Harris ta ƙi bauca, kundin manufofin jam'iyyarta ma haka, a kan cata kuwa ta yi gum. Kwana huɗu da janyewar Biden ta je Houston ta yi wa ƙungiyar malamai ta AFT jawabi, ta kuma ɗauki tsohon malamin sakandare Tim Walz a matsayin mataimaki. Gwamnan Pennsylvania Josh Shapiro, wanda shi ma aka yi ta ambata, goyon bayan da ya taɓa ba wani shirin bauca yana cikin abubuwan da masu adawa da shi suka riƙa ɗagawa. Idan maƙwabciyarki ta ce ƙungiyar malamai ba ta da hannu a matsayin Dimokurat, ki yi mata murmushi kawai. Idan kuma mutanen masallaci suka ce attajirai ba su da hannu a matsayin Rifablikan, su ma ki yi musu irinsa.

Ga wani abu da ba a cika faɗa a muhawara ba. Duk lokacin da aka miƙa wa jama'ar wata jiha tambayar bauca kai tsaye a akwatin zaɓe, kayar da ita suke yi. Kalifoniya da Michigan a 2000, Utah a 2007, duk da cewa Utah gidan Rifablikan ce. A ranar zaɓen Nuwamban 2024, Kentucky ta ba Trump kusan kashi 65 cikin ɗari, kuma a takarda guda kusan kashi 65 suka ƙi gyaran tsarin mulkin da zai buɗe ƙofar bauca. Gundumomi 120 ne a jihar, ba ko ɗaya da ta amince. Nebraska ma ta zaɓi Trump ta kuma soke dokar baucarta a rana ɗaya. Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa tuƙi a karkarar Amurka. A ƙaramin gari makarantar gwamnati ita ce mai ɗaukar ma'aikata mafi yawa, ita ce filin ƙwallon daren Juma'a, kuma makarantar kuɗi mafi kusa tana iya kai tafiyar awa guda. Me manomi zai yi da bauca? Sanatocin Rifablikan biyu da suka ƙi DeVos daga Maine da Alaska suke. A Texas 'yan majalisar karkara na Rifablikan suka yi ta toshe bauca shekara da shekaru, har sai da Gwamna Greg Abbott ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kayar da da yawansu a zaɓen fid da gwani na 2024, sannan ya samu dokarsa ta dala biliyan 1 a 2025.

Inda hannun shugaban ƙasa ke kaiwa da gaske shi ne Kotun Ƙoli. A 2002, a shari'ar baucar Cleveland, alƙalai biyar cikin tara suka ce ba laifi kuɗin gwamnati ya je makarantar addini matuƙar iyaye ne suka zaɓa, ko da yake kashi 96 na yaran shirin makarantun addini suke zuwa. A 2020 a shari'ar Montana da 2022 a ta Maine kotun ta ƙara gaba: jihar da ke tallafa wa makarantun kuɗi ba ta da ikon ware na addini. Alƙalan da Trump ya naɗa suna cikin masu rinjaye. Sai kuma dokar haraji da ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, wadda ta kawo abin da DeVos ta nema ta rasa. Daga 2027, wanda ya ba ƙungiyar bayar da tallafin karatu gudummawa har dala 1,700, za a cire masa daidai wannan daga harajinsa na tarayya, ƙungiyar kuma ta raba wa yara. Amma ki duba sharaɗin: sai jihar da ta ce tana so. Ƙwallon ta sake komawa ƙafar gwamnoni. Ma'aikatar Ilimi kuma, duk da umarnin da ya sa wa hannu a Maris 2025 da rage ma'aikata da aka yi, majalisa ce kaɗai ke da ikon rufe ta.

Kin tambayi wa ya fi gaskiya. Zan faɗa miki abin da bincike ya nuna da abin da idona ya gani, don ba su saɓa ba. Cibiyar CREDO ta jami'ar Stanford ta auna cata a 2009 ta samu kashi 17 sun fi makarantun gunduma a lissafi, kashi 37 sun gaza su, sauran duk ɗaya. Da ta sake aunawa a 2023, cata ta ɗan wuce gaba, da ƙarin kimanin kwana 16 a darasin iya karatu da kwana 6 a lissafi a shekara, kuma ribar ta fi yawa ga 'ya'yan talakawa baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka a manyan birane. Cata ta intanet kuwa bala'i ce. Mu 'yan Ohio ba sai an ba mu labari ba: ECOT, wadda ta fi kowace girma a jihar, ta rushe a Janairun 2018 a tsakiyar shekarar karatu, ta bar yara kusan 12,000 suna neman mafaka, bayan jiha ta nemi ta dawo da kusan dala miliyan 80 na ɗaliban da ta kasa nuna cewa suna karatu.

Na taɓa zama a teburin zaro ƙuri'a a ɗakin wasanni na makarantarmu. Kujeru kaɗan ne suka rage a ajin farko, iyaye sun cika benci har bakin ƙofa, kowa riƙe da 'yar takarda mai lamba. Akwai wata mata da ta zo da kayan aikin gidan kula da tsofaffi a jikinta, daga aikin dare take. Da aka kira lamba ta ƙarshe ba tata ba ce, sai ta naɗe takardar sau huɗu ta sa a jaka, ta ɗaura wa ɗanta igiyar takalmi, suka fita ba ta ce uffan ba. Duk wanda ya ce a rufe cata gaba ɗaya, ina so ya je ya yi wa wannan matar bayani. Amma a wannan kwamitin dai na ga yadda ake kiran uwar yaro mai lalura ofis, a yi mata magana mai laushi cewa "wataƙila wata makarantar za ta fi dacewa da shi", kuma yaron ya koma makarantar gunduma irin wadda na koyar, wadda ba ta da ikon cewa a'a ga kowa. Maganar Hillary ba ƙarya ce zalla ba. Na yi faɗa a kan haka a kwamitin, wani lokaci na ci, wani lokaci aka kayar da ni.

Sakamakon bauca ya fi rauni. A Louisiana makin lissafin yaran da suka karɓi bauca faɗuwa ya yi sosai a shekarar farko, binciken Indiana da na Ohio ma sun nuna koma baya a lissafi. Makarantun kuɗi masu kyau ba su da guraben da suka rage, masu karɓar bauca hannu bibbiyu sau da yawa su ne waɗanda ke gab da rufewa. Ta wani gefen, a shirin Washinton kashi 82 na waɗanda aka ba tallafin sun gama sakandare, a kan kashi 70 na waɗanda ƙuri'a ba ta faɗo musu ba, kuma iyaye sun fi samun kwanciyar hankali game da tsaron 'ya'yansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ba na goyon baya shi ne bauca ga kowa da kowa. Da Arizona ta buɗe nata ga kowa a 2022, kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka fara nema ba su da ɗa a makarantar gwamnati tun farko. Da Ohio ta buɗe nata a 2023, masu karɓa suka ninka sau da yawa, yawan ɗaliban makarantun kuɗi kuwa bai motsa da wani abin kirki ba, kuɗin kuma ya doshi dala biliyan 1 a shekara. Wato waɗanda dama suke biya da kansu ne aka sauke wa nauyi. Makarantar gunduma kuma in yara uku suka bar aji, kuɗin wuta da albashin malami da man motar ɗaukar ɗalibai ba sa raguwa. Ina tare da Polly Williams: a ba talaka, a sa ido a kan makarantar da ke karɓa, a tilasta mata yin jarrabawar da kowa ke yi ta kuma buga sakamako.

Saura maganar masallaci. Gaskiya ne makarantun Musulunci suna cin moriyar bauca, a Milwaukee ma makarantar Salam ta daɗe a cikin shirin. Doka ba ta yarda a ba coci a hana masallaci ba. Sai dai kada a ɗauka don mu aka dafa tuwon. A Louisiana a 2012 wata 'yar majalisa ta Rifablikan da ta zaɓi dokar bauca ta fito ta janye goyon bayanta da ta ji makarantar Musulunci ma za ta iya shiga. A Oklahoma, da aka so buɗe cata ta cocin Katolika, babban lauyan jihar, ɗan Rifablikan, ya kai ƙara, kuma cikin hujjojinsa har da cewa gobe Musulmi ma za su nema. Kotun Ƙoli ta tashi huɗu da huɗu a Mayun 2025, makarantar ba ta buɗe ba. Don haka in wani ya ce miki ga cata ta Musulunci, ki yi hattara. A Minnesota an taɓa samun wadda aka kai ƙara a 2009 bisa zargin cusa addini, ta rufe a 2011. Cata za ta iya koyar da Larabci ta kuma ba da abincin halal, amma ba za ta ja salla ko ta koyar da fiƙihu ba.

Ke kuma a Columbus ba kya buƙatar jiran wani shugaban ƙasa. Baucar Ohio, wadda ake kira EdChoice, tana nan tun kafin ki samu takarda: a 2025, ɗan sama da dala 6,000 a shekara daga ajin farko zuwa aji takwas, ɗan sama da dala 8,000 a babbar sakandare, tana raguwa in kuɗin shigar gida ya yi yawa. 'Yan majalisar jiha da gwamna ne suka yi ta, su ne kuma za su iya rage ta. A 2025 wata alƙaliya a gundumarku ta Franklin ta ce shirin ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, amma aka bar shi yana tafiya har a gama ɗaukaka ƙara, alƙalan Kotun Ƙolin Ohio kuma da ƙuri'a ake zaɓensu. Waɗannan sunayen na ƙasan takardar zaɓe, da mutane ke tsallakewa don ba su san su ba, su ne ke riƙe da makarantar 'ya'yanki.

In kin yanke shawarar gwada makarantar Musulunci, ki je da kanki da safe, ba ranar da suka shirya wa baƙi ba. Ki tambayi nawa ne cikon da zai rage a kanki bayan bauca, har da na rajista da yunifom da littattafai, ki ninka sau uku. Ki tambayi malamai nawa ne ke da lasisin koyarwa na jiha, kuma nawa ne suka bar aiki bara. Ki nemi ganin makin lissafin aji takwas. In cikin yaran akwai mai buƙatar kulawa ta musamman, ki sani haƙƙin da dokar tarayya ta ba shi a makarantar gwamnati da cata ba ya bin sa gaba ɗaya zuwa makarantar kuɗi, don haka duk alkawarin da suka yi miki a kansa ki sa su rubuta a takarda.